Da Shi, Da Shi, Da Kuma Shi

Shekaranjiya 'yata ta biyu ta zo mini wuni. Tana zaune bakin gado, ni ina tsintar shinkafa, sai ƙyaƙyata dariya take yi ita da wayarta har da hawaye. Na ce ta sam mini abin dariyar, kada ta cinye ita kaɗai. Ta matso ta nuna mini. Wani zaure ne suke da shi a cikin waya, na masoyan wani mawaƙi, mutane tuli, kusan babu wanda ya san fuskar wani. Wai sun kama ɗaya daga cikinsu yana shigowa da sunaye daban-daban yana yabon kansa, shi ne wani ya sa hoton zakaru uku a jere bisa katanga, a ƙasa aka rubuta: da shi, da shi, da kuma shi.

Da ta ga ban yi dariya ba sai ta ce, "Inna, ba ki gane ba ne. Wata magana ce ta 'yan zamani."

Na ce mata bari in duba tukunya. Maganar nan ba ta 'yan zamani ba ce. Ranar da aka fara faɗinta, mai wayar tana goye a bayana tana tsotsar yatsa. Kuma na san bakin da ta fito, don da shi nake cin tuwo har yau.

Lokacin muna Bungudu, shekara biyu ko uku bayan an ba mu jihar kanmu. Maigidana masinja ne a wani ofis a Gusau, ya hau babur da safe, ya dawo kafin magariba. Ni kuwa ba mai fita ba ce. Ba hana ni aka yi ba, ni dai a bar ni da ɗakina, da ɗinkin hulata, da ɗan rediyona wanda eriyarsa ta karye na ɗaure ta da zaren hula. Karatuna aji huɗu ne na firamare. Rubutuna kamar sawun kaji a tsakar gida bayan ruwa, amma ana karantawa. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Daga jan takalmi nake sanin wadda ta shigo zaure, kuma in mutum ya yi magana sau biyu a gabana, na riƙe yadda yake jera kalmominsa ke nan. Ina iya kwaikwayonsa har a waiwaya a duba ko ya shigo.

Duk Juma'a, daga an sauko masallaci har zuwa la'asar, akwai shirin gaishe-gaishe a wani gidan rediyo da ake kamawa har can kudu. Kati ake saya a wani shago kusa da tasha a Gusau. Ka rubuta laƙabinka da garinku, ka jero waɗanda kake gaisarwa, ka faɗi waƙar da kake so a sa, ka mayar wa mai shagon, shi kuma ya haɗa su ya ba mota. Katin da aka mayar ranar Litinin, in an yi sa'a a ji shi Juma'ar nan, in ba a yi ba sai ta sama. Ba kowa ke sa sunansa na yanka ba, balle mu matan aure. Ni Mai Zaren Bungudu ce.

Mun zama kamar 'yan unguwa ɗaya, alhali ko a hanya muka haɗu ba za mu san juna ba. Mun san wanda matarsa ta haihu, mun san wanda ya yi sabon keke. Wanda aka gaishe shi bai rama ba, a yi ta yi masa tsiya har sai ya rama. Kuma mun rabu gida biyu, masu son mai kalangu da masu son mai kukuma. Mai gabatarwa yakan rufe shirin da waƙar ɓangaren da ya fi yawan kati a ranar, don haka abin ya zama kamar kokawa. Ni 'yar kalangu ce tun ina gidanmu. In aka rufe da kukuma, ko miyata ba ta yi mini daɗi ranar.

Ba nawa katin kaɗai nake rubutawa ba. Ina da gwaggo a Furfuri, ƙanwar mahaifina, ba ta taɓa riƙe fensir ba. Duk sati biyu takan zo mini, ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Ɗauko biron nan, ɗiyata, mu gaida jama'a." Ta faɗa, in rubuta. In ta gama in ƙara mata abin da nake rufe nawa da shi, wato a gaida masu jego da masu goyo, in kuma zaɓa mata kalangu ko ba ta ce ba. Ku riƙe wannan, don ni ban riƙe shi ba lokacin da ya kamata.

A ɓangaren kukuma akwai wani da ake kira Ɗan Kolin Tsafe. Ba ya fashi. Kuma tare da nasa katin sai a karanto wasu daga wajen Tsafe: Mai Daddawar 'Yandoto, da wani Makiyayi, da wata Mai Fura, duk kukuma suke so. Juma'a uku a jere aka rufe da kukuma saboda su. A ta huɗu na ajiye allura na kasa kunne sosai. Katin ɗan koli ya fara da gaida marasa lafiya na gida da na asibiti, ya rufe da Allah shi bar zumunci. Na mai daddawa, marasa lafiya na gida da na asibiti, Allah shi bar zumunci. Na makiyayi haka, na mai fura haka. Kuma a kowanne cikin ukun nan, ɗan koli ne na uku a jerin waɗanda ake gaisarwa, ba na biyu ba, ba na huɗu ba. Na ce to, na kama ɓarawo.

Da maigidana ya dawo na tare shi tun bai jingine babur ba.

"Malam, mutumin nan na Tsafe shi kaɗai ne. Shi ke rubuta su duka, shina gaida kanshi da kanshi don a sa mashi kukuma."

"Kin tabbata? Ke da ko Tsafen ba ki taɓa zuwa ba."

"Kunnena ya je."

Kwana biyu na yi ina tsara katin a kaina kafin in sa biro. Har yau ina iya kawo shi da ka: ina gaida Ɗan Kolin Tsafe, da Mai Daddawar 'Yandoto wadda shi ce, da Makiyayi wanda shi ne, da Mai Fura wadda ita ma shi ce, kada in wahal da mai karatu, ina gaida shi, da shi, da kuma shi. Na karanta wa maigidana yana shan fura, ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Bakin nan naki wata rana sai ya ja mana." Amma ya sa katin a aljihu.

Ranar da aka karanta, mai gabatarwa ya kai tsakiya ya tsaya. Na ji yana ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi dannuwa. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya zo kan "da kuma shi" ya ja ta, ya ce jama'a ku ji Mai Zaren Bungudu da aikinta. Aka rufe da kalangu. Ba zan ɓoye ba, na tashi na taka rawa a tsakar ɗaki da goyo a bayana. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Juma'ar da ta biyo, kati biyar ko shida suka ɗauka. Wani ya gaida abokinsa da ya cinye kazar biki shi kaɗai, da shi, da shi, da kuma shi. Wata ta gaida maƙwabciyarta mai yabon miyar kanta. Har 'yan kukuma suka shiga, dariya ta mantar da su ɓangare. Maigidana ya dawo da labarin cewa a tashar Gusau ya ji direba ya tambayi kwandasta mutum nawa suka rage a cika mota, kwandastan ya nuna wani mai ƙiba ya ce ai an cika, da shi, da shi, da kuma shi. Na sa ya maimaita mini sau uku.

Ɗan koli ya aiko da kati ɗaya. Babu wasa a cikinsa. Ya ce mutanen nan suna nan da ransu, duk mai shakka ya zo Tsafe ya kai shi ya gan su. Mai gabatarwa ya karanta tsakani da Allah, bai ƙara komai ba, amma satin sama wani ya ce in an je Tsafe madubi zai nuna mana. Na yi dariya har na soke yatsa da allura. Daga nan ba a sake jin ɗan koli ba, ba a sake jin mai daddawa ba, ko makiyayi, ko mai fura. Na ce wa maigidana, "Ka gani? Mutum ɗaya ya yi shiru, huɗu sun ɓace." A ganina wannan ita ce hujjar da ta rufe bakin kowa.

Bayan kaka, 'yar gwaggo da ke aure a 'Yandoto ta haihu. Gwaggo ta ce sai na raka ta, ba ta shiga mota biyu ita kaɗai. Na kawo uzuri iri-iri ta ƙi ji. Muka hau motar Gusau, daga can muka shiga ta Tsafe, muka sauka 'Yandoto da hantsi. Ana cikin hidimar suna, mata cike da tsakar gida ana tuƙin tuwo, sai ga wata 'yar tsohuwa ta shigo da ƙwarya a ka, gajera, ƙafafunta duk faso. Ƙanshin daddawa ya riga sallamarta shigowa. Wata daga bakin murhu ta ce, "Ku ba Innar rediyo tabarma."

Tsohuwar ta sauke ƙwaryar ta ce, "Wane rediyo kuma? Ai an hidda ni. An ce ni ba mutum ba ce, ɗan koli ne ya ɗaura zane."

Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta ɗan yi. Ni kuwa ludayin da ke hannuna ya yi mini nauyi. Gwaggo, da ba ta iya jin zance ta ƙyale, ta ce, "Baiwar Allah, ke ce Mai Daddawar 'Yandoto?"

"Ni ce, in dai ba a canza ni ba."

Ta zauna kusa da mu tana ɓare goro, ta ba mu labarin kamar na wata take bayarwa. Ɗa ɗaya gare ta, yana aiki a kara, wato kasuwar shanu, can kudu, tafiyar kwana biyu a mota. Shi bai iya rubutu ba, ita ba ta iya ba. Ɗan koli kuwa duk sati yana zagayo ƙauyukan nan da kekensa, yana sayar da allura da zare da kwalli da man shafawa. Shi ya kawo shawarar. Yakan taho da kati a cikin akwatin kolinsa, ya tsaya ƙofar gida ta fito su gaisa, ya rubuta mata, ta ba shi daddawa. Haka yake yi wa makiyayin da mai furar. Ɗan nata kuma duk Juma'a yana maƙale da rediyo a kara. Suka yi alkawari: muddin ya ji ta, tana lafiya, in Juma'a uku ta wuce bai ji ta ba, ya taho.

"To da anka daina, sai ga shi kwatsam, ido zuru-zuru, ko takalmin kirki babu. Ya iske ni ina dakan kalwa. Ya zauna nan ƙasa shina kuka, ƙato da shi. Da ya koma, ubangidan nashi ya ɗauki wani. Yanzu sai buga-buga." Ta tauna goro. "Kahin nan ma abokan aikinshi sun ishe shi, wai ashe uwarshi ɗan koli ce."

"Shi ɗan kolin fa?" in ji gwaggo.

"Shina zuwa da kayanshi. Amma ya ce ya aje biro. Ko'ina ya bi da kekenshi sai an hwaɗa mashi maganar nan. Wata ce can Bungudu ta ja mana, wadda ba ta da aikin yi. Ku da kunka hito can, kun san ta?"

Gwaggo ta dube ni. Na duƙar da kai ina gyara goyon da babu abin da ya same shi. Gwaggo ta ce, "Bungudu da girma."

Na ci tuwon sunan nan ban san ɗanɗanonsa ba. Tsohuwar har ta karɓi 'yata ta yi mata wasa, ta ƙulla mini daddawa ta ce in ji irin tasu. Na karɓa, na yi godiya. A hanyar dawowa gwaggo ba ta yi mini magana ba sai da muka baro Gusau. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Nawa katin, wa ke rubuta shi?"

Ba ta jira amsata ba.

"Wa ke sa mani masu jego da masu goyo? Ni na taɓa ce maki ina son kalangu? To ashe ni ma babu ni. Da ke, da ke, da kuma ke."

Abu na farko da na yi shi ne na rubuta kati na ce na je 'Yandoto, na ga mai daddawa da idona, na ci daddawarta, ni ce na yi kuskure, a yafe mini. Aka karanta. Satin sama wani daga ɓangarenmu ya ce ɗan koli ya saye Mai Zare da ƙullin daddawa, yanzu sai a ce da shi, da shi, da kuma ita. Aka yi dariya aka wuce. Maganar ta riga ta bar hannuna, ba ta ma san ni ba kuma.

Sai na yi abu na biyu, wanda na ɗauka gyara ne. Na sa maigidana ya ƙaro mini kati, na rubuta da sunan Mai Daddawar 'Yandoto: tana gaida ɗanta da ke kara a kudu, tana nan lafiya lau, ya kwantar da hankalinsa. Na zaɓa mata kukuma, abin da ban taɓa zaton hannuna zai rubuta ba. Maigidana ya jujjuya katin ya ce, "Ita ta aiko ki?"

"A'a."

"To yaya kinka san tana lafiya?"

"In wani abu ya hwaru ai 'yar gwaggo za ta aiko."

Ya ɗan dube ni, ya sa a aljihu. Bayan sati biyu gwaggo ta zo da labarin cewa tsohuwar ta ji sunanta, ta fito ƙofar gida tana guɗa, tana cewa ɗan koli ya huce. Shi ya ce ba shi ba ne, ita ta ce kunya ce ta hana shi amsawa. Na ji wani sanyi a ƙirjina, irin wanda na daɗe ban ji ba. Ban gaya wa gwaggo ni ce ba. Na ci gaba, duk Litinin kati biyu, nawa da nata. Rani ya wuce, bazara ta wuce, ruwa ya sauka. Tana nan lafiya lau. Na rubuta kalmomin nan har hannuna ya san hanyarsu, ina iya rubuta su ina hira.

Da damina ta yi tsakiya kowa ya shige gona, zirga-zirga ta ragu, gwaggo ma ta yi wata guda ba ta leƙo ni ba. Ranar da ta zo, wata Talata ce da hantsi, ba ta ce in ɗauko biro ba. Ta zauna bakin ƙofa ta ce mai daddawa ta rasu, yau kwana tara. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita sati uku. Da farko ta ce kada a wahal da kowa da aike, in Juma'a uku ta wuce ba a ji ta ba zai taho da kansa. Juma'a ta zo, aka kunna mata rediyo a gefen shimfiɗa, ta ji an ce tana nan lafiya lau. Ta biyu ma haka. Sai a sannan aka nemi direban da zai kai saƙo kudu. Ɗan ya iso ana sadakar uku.

"Juma'ar nan da ta wuce ma," in ji gwaggo, "tana cikin ƙasa anka ce tana gaida shi. Shina zaune a gidan ya ji. Sun ɗora ma ɗan koli. Yaron ya tahi har Tsafe ya ci kwalarshi a gaban jama'a. Shi ko sai rantsuwa."

Na tuna da katin jiya Litinin, wanda ya riga ya shiga mota, babu mai iya dawo da shi. Na ce, "Gwaggo, ni ce."

Ta ce, "Ba ni za ki hwaɗa ma ba."

Juma'ar nan ban kunna rediyo ba. Na ji shi dai ta katanga, daga gidan maƙwabta.

Ranar Asabar maigidana ya ɗauke ni a babur muka tafi Tsafe. Ba mu sha wuyar samun ɗan koli ba, da muka tambaya wani mai shayi ya nuna mana da baki yana murmushi, na san abin da yake shirin faɗa. Ɗan kolin yana zaune ƙarƙashin wata bishiya a bakin titi, keken a jingine, akwatin koli a buɗe. Dattijo ne siriri, da furfura a gemu, tabaraunsa ɗaure da zare. Maigidana ya gaishe shi ya ce iyalinsa ce ke son magana, ya koma gefe.

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ce Mai Zaren Bungudu."

Ya ci gaba da jera kwalaben kwalli. "Sannu da zuwa. Kin sha hanya."

"Katunan mai daddawa na bayan nan, ni ke rubuta su."

"Na sani. Tun na hwarko. Masu jego da masu goyo." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ba ke ɗai anka ba kunne ba, ɗiyata."

Wallahi ban san ina sa shi ba. Hannuna ne ke rufewa da shi kamar yadda ya saba. Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗa, har anka ci kwalarka?"

"In hwaɗa ma wa? Na ga abin da bakin jama'a ke yi ma mutum, ke kuma matar aure ce." Ya gyara zaman tabaraunsa. "Na so in aiko maki ki bari, sai na ga tana jin daɗi, na ƙyale. Da ta kwanta na nemi mai kai maki saƙo, ban san gidanku ba, ban san sunan mijinki ba. Nan ni ma ina da nawa laihin. Amma ni ban taɓa rubuta lahiya lau ba sai na tsaya ƙohwar gidanta ta hito na gan ta tsaye da ƙahwahunta. Satin da ban gan ta ba, babu kati. Aikin ke nan duka. Rubutun ba komi ba ne."

Na ce ya yafe mini. Ya ce nasa ya yafe, amma na yaron ba a hannunsa yake ba, kuma 'Yandoto ga ta nan kusa, bai koma kudu ba tukuna.

A hanyarmu ta komawa, da muka zo daidai 'Yandoto maigidana ya rage gudu ya ce, "Mu shiga?" Na dubi hanyar, na dubi ɗan hadarin da ke haɗuwa a gabas, na ce ruwa zai kama mu da yarinya. Ya ja babur muka wuce. Ko ɗigo ba a yi ba ranar. Daga baya gwaggo na aika ta wanke ɗan koli a wurin mutanen gidan. Lokacin ɗan ya riga ya koma. Ban san ko saƙon ya kai gare shi ba, ban san ko yana raye ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Sau da yawa nakan tsara abin da zan ce masa ina wanke-wanke, har da yadda zai amsa, amma ban san muryarsa ba, sai in ji na ba shi tawa.

Mai Zaren Bungudu ba ta sake aika kati ba. Na gwaggo dai na ci gaba da rubutawa har ta gaji da kanta, abin da ta faɗa kawai, ba ƙari. Ashe kukuma take so tun can.

Shekaranjiyan nan, 'yata ta biyo ni ɗakin girki da wayarta a hannu tana tambaya ko ta ɓata mini rai. Na ce, "Mutumin nan naku da kunka kama, akwai wanda ya je ya gan shi?"

"Gani kuma, Inna? Ai a fili yake. Duk rubutun iri ɗaya ne, har inda yake sa alamar dariya."

Na ce ta ja kujera ta zauna. Na ba ta labarin nan tun daga eriyar da na ɗaure da zare har zuwa hadarin da bai zubar ba. Ta ce Allah ya jiƙan tsohuwa, ta ce za ta yi musu magana a zauren. Na ga ta rubuta wani abu mai tsawo ta aika. Kafin shinkafa ta tsotse wayar ta yi ƙara, ta duba, ta kife ta a cinya. Na ce me suka ce. Ta ce ba komai. Na ce ta faɗa mini, kunnena ya ji abin da ya fi wannan.

Ta ce, "Wai ni ma shi ce."